Wasan Da Karimatu Ta Sa Ranar Sallah

Karimatu matar Uwaisu ta yi wa ƙungiyarta ƙarya, kuma hassada ce ta sa ta. Ba wanda ya tilasta mata, ba kuma tsoron wani abu take ji ba. Mace ce mai hankalinta, mai 'ya'ya uku, ta san halal ta san haram, amma ta ɗauki ranar Babbar Sallah ta yi makami da ita don ta hana wata yarinya jefa ƙwallo a zobe. Mai son nema mata uzuri ya bari ya ji yadda abin ya faru tukuna.

Wasan netbol ne. Bakwai-bakwai ake yi, mata zalla, ba a gudu da ƙwallo a hannu, kuma cikin bakwai ɗin nan biyu kaɗai ke da izinin jefawa a zoben da ke kan dogon ƙarfe. Kowace 'yar wasa tana ɗora wata 'yar riga a kan kayanta, wadda suke ce wa bib, mai haruffa biyu da ke nuna aikinta. Mai GS ita ce babbar mai jefawa. Ba ta yawo a fili. Tana nan kusa da zobe, sauran su yi ta wahala su kawo mata, ita kuma ta zura a tafa mata.

Lig ɗin da suke ciki ta daɗe kafin Karimatu ta san hanyar London. Bayan yaƙin duniya aka kafa ta, lokacin da matan masana'antu da na asibitoci a kudu maso gabashin birni suka fara haɗuwa a filayen makarantu ranar Asabar da safe. Da ƙungiyoyi suka yi yawa sai aka raba su rukuni huɗu. Shekara zango biyu ce, ɗaya ya ƙare kafin Kirsimeti, ɗaya kafin Ista. A ƙarshen zango, wadda ta fi maki a rukuninta ta hau na sama, ta ƙarshe ta sauka. Tsofaffin matan da ke kwamitin lig ba sa wasa da doka. Kowace ƙungiya tana da sakatariya guda, kuma maganarta kaɗai suke ji. Ko kyaftin ce ta yi magana, ko duk 'yan wasa suka taru suka yi, ba a ɗauka sai ta fito daga bakin sakatariya.

Karimatu ce sakatariyar ƙungiyar Tauraruwa, ita ce kuma ta kafa ta. Ta zo London tun kafin kuɗin mai ya buɗe a gida, Uwaisu yana aiki a wani ofishi mai kula da ɗalibai, suna zaune a ɗaki biyu a Plumstead da hita mai cin kwabbai. Ta iya wasan tun tana makarantar 'yan mata. Wata Asabar ta ga Turawa suna yi a bayan wata makaranta, ta tsaya jikin waya tana kallo har yatsunta suka sandare. Ita ta bi gida-gida neman mutane. Ta samo Kaneng, wata nas 'yar Jos da ke layinsu, Kaneng ta jawo 'yan uwanta na asibiti da na coci, aka tara mutum takwas. Karimatu ta ɗinka bib ɗin farko da kekenta. Daga rukuni na huɗu suka fara, suka sha kashi har aka gaji da yi musu dariya, sannan suka hau na uku. Duk shekarun nan GS a ƙirjinta take. Wannan duk gaskiya ne, ba wanda ya taɓa musa mata, kuma ba ya wanke ta daga abin da ta yi daga baya.

Bayan an biya ƙarin albashin Udoji a gida, London ta cika da sababbin mutanen gida. Jihohi na ta turo ɗalibai da ma'aikata ƙarin karatu, aljihunsu da nauyi. Cikinsu akwai wani likita Zailani, wanda ya kama flat a Catford mai bututun ɗumi a kowane ɗaki, ya zo da amaryarsa Murja. Doguwa ce, shiru-shiru, shekarunta ba su wuce ashirin da kaɗan ba. A asibiti Kaneng ta gan ta, ta kuma jawo ta wurin horo ranar wata Laraba da yamma.

"Ga sabuwa na kawo mana," in ji Kaneng, wadda ita ce kyaftin. "Ku dube ta da kyau. Tsayin nan ba na banza ba ne."

Murja ta rusuna ta gaida Karimatu. "Ina wuni, Yaya."

"Lafiya lau. Kin taɓa yi?"

"Kaɗan, a makaranta."

"A ina kike tsayawa?"

"Duk inda kuka sa ni, Yaya."

Chundung, mai jefawa ta biyu, wadda bakinta ba ya hutawa, ta wurgo mata ƙwallo. "To nuna mana kaɗan ɗin."

Murja ta tsaya can bakin da'ira, inda Karimatu ba ta taɓa yarda ta jefa daga nan ba, ta ɗaga hannu ta saki. Ƙwallo ta faɗa zobe ba ta ko taɓa ƙarfe ba. Aka mayar mata, ta sake. Aka mayar, ta sake.

"Wayyo Allah!" in ji Chundung. "Sista, a ina kika tsinto wannan? Kai ni wurin in tsinto mana biyu."

Kowa ya yi dariya. Karimatu ma ta buɗe haƙora.

Kaneng mace ce mai adalci, sai ta raba wasa biyu: Karimatu ta yi rabin farko, Murja ta yi na ƙarshe. Rabon nan ne ya fi ci wa Karimatu rai, domin ya sa kowa ya iya kwatantawa. A rabin farko sai a wuce su da ci huɗu ko biyar, a na biyu Murja ta rama ta ɗora. Kuma duk Asabar, idan aka busa usur na hutun rabin lokaci, dole Karimatu ta cire bib a gaban kowa, da ɗumin jikinta a jikinsa, ta miƙa. Murja takan karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, Yaya." Da yarinyar ta yi girman kai, da Karimatu ta samu abin kamawa. Ba ta yi ba. Ita ke ɗaukar jakar Karimatu zuwa bakin bas, ita ke tambayarta yadda ake tsayawa in mai tsaro ta fi ki ƙarfi, kamar ba ta sani ba.

Sai Karimatu ta koma ƙin duk abin da ke jikin Murja. Ta ƙi jinin kot ɗinta mai gashi a wuya. Ta ƙi jinin 'yan kunnen gwal da take cirewa kafin wasa ta ba Kaneng ajiya. Ta ƙi jinin yadda take rufe baki in za ta yi dariya. In aka tashi wasa aka shiga shan shayi, alƙalan wasa Turawa sukan zo suna tambayar ina doguwar yarinyar nan, Karimatu na gefe tana tattara ɓawon lemo, tana jin kowace kalma.

"Yarinyar nan ta cika iyayi," ta ce wa Uwaisu wata rana yana karanta jarida.

"Wace yarinya?"

"Matar likitan nan."

"Me ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba."

"To ki gode wa Allah kun samu mai ci muku."

"Da can ba ma ci kenan, Baban Almu?"

Uwaisu ya ɗaga jarida ya rufe fuska. "Ni ban ce ba."

Zangon ya zo ƙarshe Tauraruwa da wata ƙungiya ta Eltham suna kankankan a saman rukuni na uku, kuma su biyun ne za su kara a wasan ƙarshe, a filin Eltham. Wadda ta ci ta hau rukuni na biyu. Bayan horo Kaneng ta tsayar da Karimatu a bakin bas.

"Maman Almu, kada ki ji haushi. Wasan Eltham ba na rabo ba ne. Ina so Murja ta fara ta kuma gama."

"Ni kuma fa?"

"Ki taimake mu daga gefe. Idonki ya fi na kowa ganin wasa."

"In yanka lemo kenan."

"Haba, Maman Almu."

"Ba komai, Sista. Ke ce kyaftin."

Ranar wasan aka tashi ƙanƙara ta daskare a kan filin, ba mai iya tsayawa, aka ɗage wasan. Dokar lig a kan haka a fili take. Masu masauki su ba da rana biyu, sakatariyar baƙi ta zaɓi ɗaya. Jane, sakatariyar Eltham, ta bugo wa Karimatu waya ta ce Asabar biyu suka rage kafin a rufe zango, mai zuwa da ta sama, wacce ta fi musu?

An riga an ga wata. Duk Musulmin London ya san Asabar ta sama ce Babbar Sallah. Duk 'yar Tauraruwa kuma ta san Zailani ya gayyaci sababbin ɗaliban da ba su da iyali su zo gidansa cin naman layya, domin Murja ta yi ta faɗin fargabarta a wurin horo. Karimatu ta riƙe kan waya ta yi lissafi. Su tara ne yanzu. Musulmi uku: ita, da Murja, da Yelwa mai tsaron baya. In biyun ba su zo ba, saura bakwai cif, babu mai canji, babu kuma mai jefawa daga ita sai Chundung.

"Mai zuwa ba za mu samu ba," ta ce wa Jane da Turanci. "Mutanenmu duk suna aiki. A sa ta sama."

Ba wadda ke aiki ranar. Ƙarya ta farko kenan.

Ta biyu a kicin ɗin Kaneng ta yi ta, inda suka taru ana shan shayi da biskit.

"An sa mana rana," ta ce. "Asabar ta sama."

Yelwa ta ajiye kofi. "Asabar ta sama? Ai Sallah ce!"

"Na gaya musu. Sun ce lig ba ta san Sallah ba. Rana ɗaya suka ba ni."

"Da Kirsimeti ce za su sa?" in ji Chundung. "Tsofaffin nan! Wallahi wata ko jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ta iya hawa sai an riƙe ta, amma ita ke yanke mana hukunci."

"Ƙasarsu ce," in ji Karimatu.

Murja ta ce, "Yaya, ba yadda za a yi? Baƙi sun fi talatin. Maigidan ya riga ya yi booking ɗin rago a wata gona. Ni ban taɓa aikin layya babu Inna a kusa ba."

"Ki zauna ki yi aikinki, ƙanwata. Mijinki da baƙinki su ne gaba. Wasa ai wasa ne."

"Ke fa?" in ji Kaneng. "Sallar idi fa?"

"Zan haƙura bana. Don ƙungiya."

Suka yi mata godiya. Murja ta tashi ta kama hannunta ta ce Allah ya saka da alheri, ta kuma ba ta haƙuri don ta bar mata nauyi. Karimatu ta karɓi haƙurin. Ta yi ƙarya, ta bar wadda ta cuta tana neman gafararta, ta kuma sha shayinta har ƙasan kofi.

"Mu da muka yi wa Murja alkawarin kama mata aiki tun safe," in ji Kaneng.

"Ku je bayan wasa. Nama ba ya gudu."

Asabar ta farko ta zo da rana garau, fili a bushe, 'yan Tauraruwa kowa na gida. Abin ya tsaya wa Kaneng a rai. Ba zargin kowa take ba, tausayin Murja da Yelwa take ji. Sai ta nemo lambar Jane ta buga mata daga asibiti, ta ce ta san ba hurumin kyaftin ba ne, amma roƙo take, ranar nan ga 'yan uwanta kamar Kirsimeti ce, ko za a iya matsar da wasan ko da zuwa Lahadi?

Jane ta yi mamaki. Ta ce ai ta ba da Asabar ɗin da ta wuce, Karimatu ce ta ce suna aiki, kuma ba wanda ya ambaci wani biki. Yanzu kam ba dama, ranar nan ake rufe zango. In ba za su iya zuwa ba, sakatariyarsu ta bugo ta janye kafin Juma'a ta wuce, maki kawai za su rasa. In kuwa aka bari aka ɗauko alƙaliya aka buɗe fili ba a zo ba, magana ta koma gaban kwamiti.

Daga aiki Kaneng ba ta biya gida ba. Da farin kayanta ta ƙwanƙwasa ƙofar Karimatu, ta same ta tana guga. Bib ɗin ƙungiya ne take gogewa, ta jera shida a kan kujera, na bakwai yana hannunta.

"Sannu da zuwa, Sista. Zauna."

"Ba zama na zo yi ba. Maman Almu, rana nawa Jane ta ba ki?"

Karimatu ta ajiye dutsen guga. "Bincikena kika je yi kenan."

"Roƙo na je yi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba."

"Shekara nawa ina ɗauke da ƙungiyar nan a ka? Lokacin da ake lallasa mu a rukuni na huɗu, ana ruwa muna wasa da takalman aro, yarinyar nan tana ina? Tana aji tana cin gyaɗa. Jiya-jiya ta sauka daga jirgi da kot ɗinta da gwal ɗinta, kowa Murja, Murja, har Turawa."

"Me kot ya yi miki?"

"Wasa ɗaya nake so. Ɗaya tak. Ni na kawo ku bakin ƙofar rukuni na biyu, ni zan shigar da ku."

"Da kin faɗi haka da mun zauna mun duba."

"Na faɗa. Kika ce in yanka lemo."

"Ke kika ce, ba ni ba." Kaneng ta gyara jakarta a kafaɗa. "Na riga na gaya wa sauran ta waya. Ba za mu zo ba. Muna Catford tun safe, kamar yadda muka yi alkawari. Ki buga wa Jane ki janye kafin Juma'a ta wuce. Ni na faɗa mata, ta ce sai daga bakinki."

Karimatu ta yi dariya. "Ku shida? Sallar taku ce?"

"Tambayi kanki. A layinmu a Jos, uwata ce ke tsayawa kan kaskon suya a gidan maƙwabcinmu Malam Nata'ala duk Babbar Sallah, matansa kuma su ke dafa mana shinkafar Kirsimeti muna coci. Chundung haka ta tashi, Juliana ta ƙungiyarmu ma haka. Ba mu san ranar da ake barin maƙwabciya ita kaɗai da rago ba. Da lig ce ta ɗora mana, da mun haɗiye mun yi wasan da baƙin ciki. Amma ke kika ɗora."

"Za ku zo. Wa zai bar rukuni na biyu don soyayyen nama?"

"Ki buga waya, Maman Almu."

Ba ta buga ba. A ganinta barazana ce. Ta san yadda Kaneng ke son hawa rukunin nan, ta san Chundung ta riga ta sayi sabon takalmi. Ta ɗauka Sallah abu ne na masu salla, Kiristocin nan kuma cin nama kawai ke kai su, kuma fushi zai huce kafin Asabar. Shekara da shekaru tana zaune da su, kwanonsu na shigowa gidanta nata na shiga nasu, amma hassada ta rufe mata ido ta kasa ganin abin da yaro ma zai gani. Alhamis ta wuce. Juma'a ta zauna kusa da waya tana jiran Kaneng ta bugo ta ce sun sauko, wayar ba ta yi ƙara ba, ita kuma ba ta ɗaga ba.

Ranar Sallah da safe Uwaisu ya sa babbar riga ya ɗora kot a kai, yara sun yi ado, za su kama jirgin ƙasa zuwa Regent's Park, inda ake taruwa idi kusa da sabon masallacin da ake ginawa. Ya dubi matarsa da dogon wandon wasa da jaka a kafaɗa.

"Da gaske ba za ki idi ba?"

"Ina da wasa."

"Yau?"

"Lig ce ta sa."

"Allah ya kyauta," ya ce, ya kama hannun ƙaramar suka fita.

Ita ta fara isa filin Eltham, kafin ma masu fili. Sanyi na ratsa ƙashi. Ta fito da bib ta jera shida a kan benci, ta sa GS a ƙirjinta. 'Yan Eltham suka iso da motocinsu suna dariya suna motsa jiki. Alƙaliya ta zo da usur a wuya, wata siririyar tsohuwa mai farin siket.

"Ina mutanenki?" in ji Jane.

"Suna hanya."

Ƙarya ta uku kenan.

Ta tsaya tana kallon ƙofar makaranta. Bas ya tsaya, mutum biyu suka sauka, ba nata ba. Wani ya zo ya wuce. Kuma duk tsayuwar nan ba tunanin ƙungiya take ba, ba tunanin idin da ta bari take ba. Catford take gani. Tana ganin flat ɗin nan mai ɗumi, tagogi sun yi gumi, Kaneng ta ɗaura zani tana kan kasko, Chundung na tsokanar ɗalibai, Yelwa na yanka albasa, Murja kuma a tsakiya da sabon leshi, kowa na cewa sannu amarya, kin yi ƙoƙari. Ta raba yarinyar da fili don a daina kallonta, sai ga shi duk masu kallon sun tashi sun bi ta gida. Wannan ne ya ƙona ta fiye da sanyin.

Ta ɗauki ƙwallo ta shiga da'ira ita kaɗai. Ta jefa ta shiga. Ta sake, ta shiga. Ta waiga ko wani ya gani. 'Yan Eltham sun juya baya suna shan shayi daga fulas.

Alƙaliya ta jira iyakar abin da doka ta ba ta, sannan ta busa usur ta ba Eltham wasa. Ba su yi wata murna ba. Jane ta zo ta tsaya gaban Karimatu tana sa safar hannu.

"Kaneng ta gaya mini tun tsakiyar mako," ta ce da Turanci. "Jiya na ƙi fita ina jiran wayarki. Ba yau ce ranar bikinku ba? Me kike yi a nan?"

Karimatu ta juya ta nufi benci. Ta tattara bib ta cusa a jaka. Alƙaliya ta ce mata za ta ji daga kwamiti.

Gida ba kowa. Ta zura kwabo a hita ta zauna da kayan wasa a jikinta. Maƙwabta Turawa na ta sayayyar Kirsimeti, ba alamar Sallah ko ɗaya a layin. Sai wajen la'asar Uwaisu ya dawo da yara, kayansu na ƙanshin suya, hannunsa riƙe da kwano mai murfi an ɗaure shi da ƙyalle.

"Daga Regent's Park Zailani ya ja mu," ya ce. "Gidan ba masaka tsinke. Ga wannan, in ji Murja. Ta ce a gaida Yaya, a ce barka da Sallah."

"Ta san komai?"

"Kowa ya sani. Ni ne na ƙarshen ji, a gaban mutane."

"Me suka ce a kaina?"

"Ba wanda ya ambace ki sai ita."

Karimatu ta buɗe kwanon. Tsoka ce zalla da hanta, irin rabon da ake cire wa babba. Ta mayar da murfi.

"Har a nan sai ta nuna ta fi ni," ta ce.

Uwaisu ya cire hula ya ajiye. "Nama ta aiko miki, Karimatu."

Bayan sabuwar shekara kwamiti ya zauna a wani ɗakin bayan coci a Woolwich. Mata biyar ne a tebur, Jane da alƙaliya a gefe, Kaneng a ɗaya gefen. Shugabar ta yi wa Karimatu tambaya uku. An ba ta rana biyu? Ta ce an ba ta. Mutanenta suna aiki a ranar farko? Ta ce a'a. Kyaftin ta gaya mata ta janye? Ta ce ta gaya mata. Da aka ce ko tana da abin faɗa, sai ta ce ita ta kafa Tauraruwa, ita ta ɗinka musu kaya, kuma kafin wata yarinya ta zo daga Najeriya ba a taɓa samun matsala ba. Shugabar ta ce ba a kawo ƙarar wata yarinya ba.

Kaneng ta roƙa kada a saukar da ƙungiya saboda laifin mutum ɗaya. Jane ta goyi bayanta. Aka fitar da su waje, aka dawo da su.

Tauraruwa ta rasa wasan, ta zauna a rukuni na uku, Eltham ta hau. Karimatu kuwa an hana ta riƙe muƙamin sakatariyar kowace ƙungiya har abada, an kuma hana ta wasa shekara uku a duk rukunonin lig huɗu. A taron da ya biyo baya 'yan Tauraruwa suka cire sunanta daga ƙungiya, ba wadda ta ɗaga hannu ta ce a bar ta.